Kada mu kashe mai gadin rumbu

Manoman Gangara, geron Damargu ya shiga rumbu, ɓera da gafiya kuma sun fara haƙa ramu a ƙarƙashinsa. Wasu sukan zuba guba. A ganina, wannan asara ce. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take. Idan kyanwa ta cinye shi, ita ma tana iya mutuwa. Macen ɓera kuwa mako 3 take yi da ciki, saboda haka ɓeraye za su dawo, babu mai gadi.

Mu ɗora rumbu bisa duwatsu, mu share ciyawar kewaye. Mu toshe ramu da tsakuwa da laka. Mu ɗana tarko inda kyanwa da yara ba sa kaiwa. Mu bar kyanwa ta yi aikinta.