Mu Zaga Duniya: Sintra, Garin da Ya Raya Kufai

 A wannan makon filinmu ya yada zango a ƙasar Fotugal, can ƙuryar yammacin Turai, a wani ƙaramin gari mai suna Sintra.

Daga Lisbon, babban birnin ƙasar, tafiyar kimanin minti 40 ce a jirgin ƙasa. Garin yana jikin tsauni ne, bishiyoyi sun lulluɓe shi, kuma iskar Tekun Atalantika na kawo masa sanyi da raɓa. Shi ya sa sarakunan Fotugal na da can suke gudo nan idan zafi ya tsananta a Lisbon.

Da ka shiga tsakiyar gari, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne tsohuwar fadar sarakuna mai bututun hayaƙi biyu farare, kamar an kifa mazurari. Tsawon kowanne ya kai mita 33, kuma a kan madafar fadar suke. An yi wa bangon ɗakunan ado da tayil masu zane da ake kira azulejo, kalmar da ta samo asali daga Larabci.

Me ya kai Larabci Fotugal? A shekarar 711 Musulmi suka ƙetaro daga Arewacin Afirka, suka mulki yankin da tarihi ya sani da suna Andalus. Tsakanin ƙarni na 8 da na 9 suka gina sansanin tsaro na dutse a saman tsaunin Sintra, ganuwarsa na bin duwatsu tana hawa tana sauka. Hawan akwai gajiya, sai da takalmi mai kyau da gorar ruwa, amma in ka kai sama ranar da gari ya washe, har teku za ka hango. A nan za ka gane hikimar maginan: abokin gaba ba ya isowa ba a gan shi ba.

A 1147 Sarki Afonso Henriques ya ci Lisbon da yaƙi, Sintra ma ta miƙa wuya. Sannu a hankali aka yi watsi da sansanin, girgizar ƙasa ta 1755 ta ƙara rusa shi, ciyawa ta cinye saura.

Sai a ƙarni na 19 aka samu Sarki Ferdinand na Biyu, mijin Sarauniya Mariya ta Biyu. A 1838 ya sayi kangon wani gidan ibada a tsaunin da ke kusa, ya gina Fadar Pena mai launin ja da rawaya. Bai tsaya nan ba, ya sa aka gyara ganuwar da Musulmi suka gina. Shi Kirista ne, ba kakanninsa suka yi ta ba, amma ya san darajarta. A 1995 hukumar UNESCO ta sa Sintra cikin wuraren tarihi na duniya, kuma yau jama'ar garin da dama da baƙi masu yawon buɗe ido suke cin abinci.

To, mu waiwayo gida. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, ta haura shekara 800. A wurare da yawa an ɗebe ƙasarta, an yi gine-gine a kanta, wani wajen ma ta zama juji. Abin da ya rushe ƙurmus, ko sarki ba zai iya dawo da shi ba.

Ga aikin gida: ku tambayi wani dattijo a unguwarku wane gini ne mafi tsufa a garinku, wa ya gina shi, kuma a wane hali yake yanzu. Ku rubuto mana, za mu buga waɗanda suka fi armashi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.