Waiwaye adon tafiya: wasiƙun Waterloo

 Duk wanda ya zauna benci a lakkwal ya ji labarin faɗuwar Napoleyon a Waterloo, cikin ƙasar Beljika ta yanzu, ran 18 ga Yuni 1815. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne rawar da alƙalami ya taka.

Kwana biyu kafin nan, Napoleyon ya ci sojojin Purusiya a Ligny. Washegari ya ware wa mareshal Grouchy mayaƙa wajen 33.000, ya ce ya bi sawunsu, shi kuma ya fuskanci Wellington, jagoran Ingilishi. Daga nan, takarda kaɗai ke haɗa rundunonin biyu.

Da ƙarfe 10 na safiyar yaƙin, mareshal Soult, shugaban hafsoshi, ya rubuta wa Grouchy cewa ya nufi garin Wavre domin ya matso kusa da sarki. To, zuwa Wavre daban, zuwa fagen daga daban. Da aka fara jin ƙarar igwa daga yamma, janar Gérard ya roƙi Grouchy a juya can, amma ya ƙi, ya riƙe umurnin da aka ba shi tun jiya. Da wasiƙar ta iso bayan azahar, sai ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Da ƙarfe 1 na rana Soult ya sake rubutawa, yana neman ya gaggauto, don an hango ƴan Purusiya tafe. Wannan takarda ba ta isa ba sai da yamma: ihu bayan hari.

A ɗaya ɓangaren kuwa, tun cikin dare Blücher, jagoran Purusiya, ya aika wa Wellington saƙo marar kwana: rundunar janar Bülow za ta taso da asuba. A kan wannan alkawari Wellington ya dage, har agaji ya zo.

Ran 19 Grouchy ya ci nasara a Wavre, nasarar da ba ta amfani kowa ba. Ran 22 Napoleyon ya sauka daga mulki.

Saboda haka, ya kai mai sa hannu a biro, da kai mai aika wa yaronka saƙo a kan kaya: faɗi abu ɗaya, faɗe shi sarai, kuma aika shi kan lokaci. Wanda ke nesa ba ya karanta zuciyarka, takardarka yake karantawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.