Kafin a yi maganar dawo da Samanja, a fara ceto kaset ɗinsa

A watan Nuwamban 2022 kamfanin Netflix ya fito da shirin Wednesday, labarin wata yarinya da ba ta murmushi, kullum cikin baƙaƙen kaya, 'yar wani gida da maƙwabta ke tsoro. Ko wanda bai kalli shirin ba, da wuya a ce bai ci karo da rawar da ta yi ba a TikTok. A garin ɗalibai irin Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suke, matasa da dama sun san fuskarta, sai dai ba kowa ya san cewa gidan da ta fito ya girmi kakanninsu ba.

Wani mai zanen barkwanci, Charles Addams, ya fara zana iyalan a mujallar New Yorker a 1938. Daga 1964 zuwa 1966 tashar ABC ta Amurka ta mayar da su wasan talabijin mai suna The Addams Family, kashi 64. Abin dariyar shi ne, mutane ne masu kama da fatalwa, gidansu kamar kango a tsakiyar maƙabarta, amma suna ƙaunar juna, suna girmama baƙo, kuma a ganinsu maƙwabtan ne ke da matsala. Bayan shekara kusan 60 aka ɗauko 'yar gidan aka gina mata sabon labari, ya karɓu, har aka yi zango na biyu a 2025.

Ba duk farfaɗowa ke yin nasara ba. The Munsters, takwaransa na tashar CBS, an gwada dawo da shi a 2012 da sunan Mockingbird Lane, kashi ɗaya aka nuna aka rufe maganar. Amma ko faɗuwar ma sai da aka samu abin ɗauka: tsofaffin shirye-shiryen suna nan a adane, kuma an san wanda ya mallake su.

A nan ne gizo ke saƙa a ƙasar Hausa.

Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna ne, kuma daga Kaduna nishaɗin rediyo da talabijin ke zuwa. Dattawan waɗannan garuruwa ba sa buƙatar a gabatar musu da Samanja Mazan Fama, da Hausarsa ta bariki da tsawar da yake yi wa kuratansa, ko Ƙasimu Yero na Karambana, ko Karkuzu na Jos. A lokacin talabijin ba ta kowane gida ba ce, yaran unguwa kan taru a gidan mai ita, a shimfiɗa tabarma, uba da ɗa su yi dariyar abu guda ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba. Ba kowane shirin yau ne zai ci wannan jarrabawa ba.

Duk ukun sun riga mu gidan gaskiya. Ƙasimu Yero ya rasu a Satumban 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a Nuwamban 2023, Abdullahi Shu'aibu Karkuzu kuma a 2025, bayan ya rasa ganinsa, ya kai ga neman taimakon jama'a, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, sai Facebook ya cika da ta'aziyya da kiran a dawo da wasannin da. Amma wanda ya je YouTube neman su, guntaye zai tarar, hoto dishi-dishi, murya na shaƙewa. Marubucin da zai sabunta Samanja, me zai zauna ya nazarta?

Kaset ba littafi ba ne da zai shekara ɗari a cikin adaka. Zaren maganaɗisu ne, zafi da laima da ƙura suna cinye shi, kuma injinan U-matic da Betacam da ke karanta shi an daina ƙera su. A wancan zamani kuma tashoshi a duniya kan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa, don kaset na da tsada. BBC da kanta ta yi wannan ɓarna, ta rasa kashi da dama na Doctor Who na shekarun 1960. A 2013 aka sanar da gano kashi tara daga cikin waɗanda suka ɓata, kuma a ina? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Wato wani ya taso daga Ingila ya bi sawun kayansu har Filato, alhali na gida, da wataƙila suke jibge a ɗakuna irin wannan, babu mai tambayar su.

Akwai kuma misalin da ke nuna abin mai yiwuwa ne. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Wasu za su ce mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga ba su da lokacin tsohon wasan kwaikwayo. Maganar tana da nauyi. Sai dai a tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Watanni aka yi babu intanet, abin da mutum ke da shi a memori ko ya karɓo wurin masu tura fim, shi ne abin kallonsa. Fina-finan Indiya masu fassara suna nan birjik a waɗannan shaguna, da na Kannywood. Cikakken jerin Samanja babu, domin babu wanda ya tattara shi ya fitar.

Kasuwa kuwa ba ita ce matsala ba. Daɗin Kowa na Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun tabbatar da cewa Bahaushe zai bi shiri mai dogon zango shekara da shekaru. NTA ma ta haɗa gwiwa da kamfanin Wale Adenuga ta dawo da The Village Headmaster, wanda aka fara tun 1968. Ba a ga dalilin da zai sa na Hausa su zama saniyar ware ba.

Aikin farko na NTA ne da Rediyon Tarayya na Kaduna: su buɗe ɗakunan ajiya, su ƙirga abin da ya rage, su bayyana wa jama'a, sannan a juye shi zuwa kwamfuta tare da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos. KTTV ta yi haka da nata. Jami'ar Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita za su iya tura ɗalibai gida-gida a Dutsin-Ma da Kurfi, wurin tsofaffin malamai da ma'aikata da suka taɓa ɗaukar shiri a bidiyo, a ari kaset a juye a mayar wa mai shi, a kuma naɗi hira da dattawan da suka kalla. Sannan duk furodusan da zai ɗauki sunan Samanja ko Karkuzu ya ɗora wa sabon ɗan wasa, ya fara zama da tashar da ta mallaki shirin da kuma iyalan mamacin, a rubuta kason da za a ba su kafin a kunna kyamara.