Kumfar kashe gobara: a yi mata magani a inda ta zuba

Ƴan uwa manoma da makiyaya, masu karatun wannan shafi, yau a kan kumfa za mu yi magana. Duk wanda ya taɓa ganin ƴan kwana-kwana suna kashe wutar isansi, wato fetur, ya san ba ruwa tsura suke zubawa ba. Ruwa ya fi mai nauyi. In an zuba shi sai ya nutse, man ya hau bisansa yana ci, wuta kuma ta bi ruwan ta yaɗu. Shi ya sa suke gauraya ruwan da wani magani, ya fito fari fat kamar audugar rimi, ya lulluɓe man, ya hana wutar samun iska, sai ta mutu. Wannan kumfa ta ceci rayuka masu yawa. Wanda ya tuna motar dakon mai da ta fashe kusa da filin jirgin sama na Yamai a watan Mayu na 2019, ko ta garin Majiya a jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ba zai raina abin da ke kashe irin wannan wuta ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Tambayarmu ita ce: bayan wuta ta mutu, jama'a sun watse, ina kumfar take zuwa?

Kumfar kan kwanta, ta narke, ta koma ruwa. Ido ba ya ƙara ganinta. Amma da yawa daga cikin ire-iren kumfar da aka yi ta aiki da su tun shekarun 1960 suna ɗauke da wasu sinadarai da masana ke kira PFAS. Dangi ne babba, sanannu a cikinsu su ne PFOS da PFOA. Mutum ne ya ƙera su, kuma ya ɗaure su da ɗauri mai ƙarfin gaske don su jure zafin wuta. To, wannan ƙarfi da ya sa suka yi amfani, shi ne kuma ya zama matsala. Rana ba ta kashe su. Ƙananan halittun cikin ƙasa, waɗanda ke ruɓar da kashin shanu da kara su mai da su taki, ba su iya cin su. Tafasa ruwa ba ya fitar da su, sai ma ya ƙara musu kauri, tunda ruwan ke tashi su kuwa suna nan cikin tukunya. In sun shiga jikin mutum ko dabba sukan zauna cikin jini da hanta shekara da shekaru. Suna bi ta madara, da ƙwai, da kifi.

Likitoci sun danganta su da hauhawar kitse a cikin jini, da raunana aikin allurar rigakafi a jikin yara, da ciwon daji na ƙoda. A 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan cuta. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade abin da za a yarda da shi a ruwan sha, kuma ƙanƙantar ma'aunin abin mamaki ne. In muka yi lissafinsa irin na aji, giram ɗaya tak ya isa ya kai lita miliyan 250 ga wannan iyaka, wato tano miliyan ɗaya da dubu 250 na lita 200. Iyaye mata kada su ji wannan su yaye yaro. Nonon uwa yana nan da amfaninsa, likitoci ba su hana shi ba. Ruwan da uwar ke sha shi ne abin tsarewa.

An riga an ga illar a wasu ƙasashe. A Ostareliya akwai wani gari, Williamtown, kusa da sansanin sojan sama. Shekaru da yawa sojoji suna koyon kashe wuta da wannan kumfa, tana kwarara cikin ƙasa. A 2015 hukuma ta gargaɗi mazauna wurin su daina shan ruwan rijiyoyinsu, su daina cin ƙwan kajinsu da shan madarar dabbobinsu, aka kuma rufe kamun kifi a wasu ruwaye na kusa. Ku dubi wannan da idon makiyayi. Saniya tana tsaye lafiya lau, hantsarta cike, an ce kada a sha.

Da masana suka tashi gyara irin waɗannan wurare, sai suka tarar ruwan da ya gurɓata ya fi ƙarfin mota. Dabarar da ta fi ita ce a kai kayan aiki wurin ruwan, a raba gubar da shi nan take. Hanya ɗaya ita ce a bi da ruwan ta cikin wani gawayi na musamman, wanda aka gasa har ya yi ƙananan ƙofofi marasa adadi, sinadarin ya manne masa, ruwan ya wuce. Wata hanyar ta fi burge mu, domin halin gubar ne aka juya a kanta. Tunda sinadarin yana son kumfa, sai a hura iska cikin ruwan daga ƙasa, ya hau bisa kumfar da ta taso, a yaɗe shi. Matanmu da ke kaɗa nono su tsame mai za su gane wannan aiki fiye da kowa. Ta haka ruwa mai yawa yakan koma ɗan abin da ba shi da yawa, mai kaurin guba. Wannan ragowar, da gawayin da ya ƙoshi, su ne ake kaiwa tanderu na musamman mai zafin da ya kai digiri 1,100 ko fiye. Wutar kara ko ta juji ba ta kusa da wannan zafi. Wanda ya ƙona irin wannan shara a bayan gari, ya dai raba ta ne ga maƙwabtansa ta hanyar hayaƙi.

Mu a ganinmu wannan tsari shi ne daidai: a tsare guba a inda ta zuba, a rage ta a nan, a ɗauki ɗan abin da ya rage kawai. Kuma muna da dalili daga tarihin ƙasarmu.

Dattawanmu sun san lokacin da ake yaƙin fara da wani magani mai suna diyaldirin. An so shi ne saboda daɗewarsa: a fesa shi a kan ciyawa, ya yi ta kashe fara na tsawon lokaci. Daga baya aka gane cewa wannan daɗewa ita ce illarsa, yana taruwa cikin kitsen dabba da na mutum, aka daina aiki da shi. Sai tanonin da suka rage suka zauna cikin rumbunan ajiya, rana tana dukansu, tsatsa tana cinsu. A 1991, da taimakon hukumomin agaji na Amurka da na Jamus, aka tattara kimanin ton 60 na diyaldirin daga Nijar, aka kai shi bakin teku, aka sa a jirgin ruwa zuwa ƙasar Holan, can aka ƙona shi. Aiki ne mai kyau. Amma ku lura da nisan tafiyar da yawan kuɗin, kuma wannan maganin cikin tano ne kawai. Ƙasar da magani ya zuba a kanta, da ruwan da ya sha, ba wanda zai iya yi musu dako zuwa Turai.

Akwai kuma wata illa ga sharar da aka ɗora wa mota ko jirgi: sau da yawa ƙofar talaka take sauka. A 1988 aka gano dubban tanonin shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Nijeriya. A 2006 aka zubar da sharar wani jirgin ruwa a wurare da dama cikin birnin Abijan, mutane suka mutu, dubbai suka cika asibitoci. Saboda irin abin da ya faru a Koko ne ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba cikin nahiyar. Abin da ba mu yarda Turai ta yi mana ba, bai kamata birni ya yi wa ƙauye ba. Ruwan wankin motar kashe gobara, ko kumfar da ta tsufa a wurin ajiya, in aka ce a kai daji a zubar, to dajin nan makiyayar wani ce.

Maƙwabtanmu na Mali sun gwada gyara a wuri. A Molodo, kusa da Niono, akwai filin da maganin fara ya daɗe yana zuba. Wajen ƙarshen shekarun 2000, ma'aikatan ƙasar tare da masana daga Holan suka haƙe ƙasar da ta fi gurɓata, suka shimfiɗa ta a keɓaɓɓen wuri suna juya ta, har ƙananan halittun ƙasa suka cinye magungunan da ke ruɓewa. Diyaldirin kuwa ya ƙi ruɓewa. Sai aka nemi hana shi motsi: aka yi amfani da gawayi don ya riƙe shi, aka shuka tsirran da ba a ci, irin su jema da bini-da-zugu, don kada iska ta kwashi ƙurar, kada kuma dabba ta yi kiwo a wurin. Kayan gida ne duka. Sai dai kada mu ɗauka kumfa ma haka za a yi mata a gama. Diyaldirin yana manne wa ƙasa ya zauna. Sinadarin kumfa kuwa yana narkewa, duk inda ruwa ya bi yana biye da shi. A ƙasa mai rairayi irin tamu, ruwa ba ya jira.

Wani zai ce: malam, mu a Mai Yara ba mu da filin jirgi, ba mu da matatar mai, me ya haɗa mu da kumfa? Gaskiya ne, wuraren da aka fi ajiye ta su ne filayen jiragen sama, da manyan wuraren ajiyar mai, da matata irin ta Zinder da aka buɗe a 2011. Kuma ba kowace kumfa ce ke da wannan guba ba, yanzu akwai wadda ake yi babu ita. Amma mai yana bin hanyar Maradi zuwa Dakoro, hatsari kuwa ba ya sallama. Ruwan sama da ya wanke bakin hanya tabki yake nufa, tabkin da shanu da raƙuma ke sha da damina. Dabbobinmu kuma suna tafiya, daga kwarin Tarka har kudu. Sannan ga bido da tano da muke saye a kasuwa, babu mai gaya mana abin da suka taɓa ɗauka.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damun mu. A zagayen da muke yi na makarantun yaƙi da jahilci, mun tarar da bidon maganin ƙwari a bakin rijiya, an wanke shi da toka ana ɗibar ruwan sha. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu yana jikinsa. Mai bidon ɗalibinmu ne, ya iya haɗa baƙi. Da muka nuna masa, sai ya ce ai ya daina wari. Ba mu ga laifinsa ba sosai, bido kuɗi ne, kuma mu malamai ne ba mu taɓa kawo bido cikin aji mun karanta jikinsa tare ba. Rashin wari ba shaida ba ne. Sinadarin kumfa a cikin ruwa ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba shi da launi. Bidon da ya taɓa ɗaukar magani, a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, a huda gindinsa, a miƙa shi ga ma'aikacin kare tsirrai. Wanda ya ɗauki ruwan kumfa kuwa, ko ɗauraya kada a yi a gida, a mai da shi ga masu shi.

In Allah Ya kawo tsautsayi aka kashe wuta da kumfa kusa da garinmu, aikin farko namu ne, kuma ba ya bukatar injin. Kada kowa ya tare ƴan kwana-kwana, rai ya fi komi. Amma da zarar wuta ta mutu, a ɗauki kwasa da shebur a ja kunya ta ƙasa a kewaye wurin, a datse hanyar da ruwan zai bi zuwa tabki ko rijiya. A hana yara wasa da kumfar, don za ta ba su sha'awa. A kewaye wurin da ƙaya saboda dabbobi. Kada a kwashi ƙasar wurin a yi tubali ko a kai gona. Mai gari ya sa wanda ya iya rubutu ya rubuta rana da wuri, ya tambayi shugaban ƴan kwana-kwana sunan kumfar da aka zuba, ya rubuta. Takardar nan ita ce za ta nuna wa masana inda za su haƙa, ko bayan shekara goma ne.

Sauran aikin na hukuma ne. Nijar tana cikin yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan guba masu daɗewa. Diyaldirin yana cikin goma sha biyun farko da ta hana, an ƙara PFOS a 2009, aka ƙara PFOA a 2019. Saboda haka muna roƙon a ƙidaya kumfar da ke ajiye a jahar Maradi, a san wace iri ce. In za a sayi sabuwa, a sayi marar wannan guba. A daina koyon kashe wuta da tsohuwar a kan ƙasa tsirara. In an wanke mota, a tara ruwan wankin cikin ma'aji mai siminti har a samu hanyar tace shi a wurin. Hukumomin komin kuma su ware wuri ɗaya mai rufi da ƙofa, nesa da rijiya, inda manomi zai kai bidon da ya huda.

A makarantunmu na Mai Yara da kewaye, darasin mako mai zuwa a kan wannan ne. Kowane ɗalibi ya zo da bidon da ake zuba ruwan sha a gidansu, mu karanta abin da ke rubuce a jikinsa.