Zauren Uwargida: Rubuta Labarin da Kunne Zai Riƙe

 Yau maganata da ke ce 'yar'uwa, ke da kike Gandi, ko Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, kina jin labaran Hikayata a rediyo kina ɗaukar abin na matan birni ne.

Sashen Hausa na BBC ya fara wannan gasar gajerun labarai ta mata zalla a 2016, kuma Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin "Sansanin 'Yan Gudun Hijira". A 2020 kambun ya zo gida Sakkwato, lokacin da Maryam Umar ta yi nasara da "Rai da Cuta". A 2022 ya tsallaka Maraɗi, hannun Amira Souleymane mai "Garar Biki". Ki duba sunayen labaran nan: gudun hijira, cuta, gara. Duk abubuwa ne da kika sani.

Abin rubutu yana ƙofar gidanki. Tun harin Tabanni na 2018 garin Gandi yake karɓar waɗanda aka raba da gidajensu. Kin ga uwar da ta iso da goyo ba zane na biyu, kin san yarinyar da aka cire daga makaranta saboda hanya ba lafiya, kin san matar da shinkafar fadamar Wurno ke ciyar da marayunta. Sai dai amana tana nan: ki sauya suna da gari da kamanni, kada maƙwabciyarki ta ji asirinta a rediyo.

Abu mafi muhimmanci shi ne, labarin da aka zaɓa karanta shi ake yi, mai sauraro kuma ba ya iya komawa layin baya. Wataƙila tana tuƙa tuwo ne, yaro na kuka. Don haka ki taƙaita mutanen labarin zuwa uku ko huɗu, sunayensu kada su yi kama. In akwai Hadiza, kada a samu Hafiza. Ki shiga matsalar tun jimlar farko, ki bar doguwar shimfiɗa. Ki riƙe matsala ɗaya har ƙarshe, domin abin da aka saba nema kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ne. Wa'azi kuma ki bar shi, abin da ya faru ya isa darasi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara waƙoƙinta ne don a ji a haddace, jajis na 'Yan Taru suna kai su ga matan ƙauyuka da baki.

In kin gama, ki karanta da murya, ki ɗauka a wayarki, ki saurara. Duk inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Sannan ki karanta wa ɗiyarki ko ƙanwarki. Inda hankalinta ya tafi wani wuri, nan ne gyara yake.

Gasar tana son daidaitacciyar Hausa, saboda haka "tahi" ta koma "tafi", ki kuma kula da ƙ da ɗ da ɓ. Ki karanta ƙa'idojin shekarar da kanki, musamman na shekaru da ranar rufewa, ki tura da wuri tunda sabis ba shi da tabbas. Labarin ya zama naki, kada ki kwafo na kowa.

In shekarunki sun wuce ƙa'ida, ɗiyarki fa? Ki ɗauke mata wanke-wanken yamma na mako guda, ki ba ta aron wayar, ki zauna ki zama mai sauraronta ta farko.

Allah Ya ba mai rabo sa'a. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.