Sikila Ba Daga Uwa Kaɗai Take Zuwa Ba

Yau da marubutanmu nake, kuma ba zan ɓoye musu ba, raina ya ɓaci da yadda wasunsu ke wasa da maganar sikila a cikin labaransu.

Kun san salon. A haifi yaro mai amosanin jini, uwar miji ta tashi ta ce wa suruka jinin gidansu ne ya lalata musu zuri'a, miji ya ƙaro aure, amarya ta haifo lafiyayyu, shi ke nan labari ya ƙare. Marubuci bai sa bakin kowa ya ƙaryata tsohuwar ba, mai karatu kuwa ya rufe littafi da wannan ƙarya a ransa. Haba malamai!

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, wato himogulobin, kowane mutum gado biyu yake yi nasa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga kowannensu. Ashe ke nan uban da ke hura hanci yana da rabin alhakin, ko da kuwa bai taɓa kwanciya ciwo ba, domin mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau. Idan amarya ta haifi lafiyayyu, wataƙila ita AA ce, amma S ɗin angon yana nan, kuma zai iya miƙa shi ga 'ya'yanta.

Wani kuskuren kuma shi ne lissafin da ake sa wa jarumai a baki, wai AS da AS in sun haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai yi ciwon. Ba haka ba ne. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, kashi 25 cikin 100. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya.

Kuma ciwon ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsa ke yawan yin ƙasa. Tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan azabar ƙashi ke tasowa. Tun 1910 likita James Herrick ya bayyana wannan siffa a Amurka, a 1954 kuma Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Abin da ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu ke nan, ba don wani gida la'ananne ba ne.

Za a ce ai labari ne, ba darasin asibiti ba. Na ji. Amma budurwar da ba ta taɓa zama gaban likita ba tana karanta ku har tsakar dare, kuma abin da kuka rubuta shi take ɗauka. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure, to me zai hana alƙalaminku ya taimaka? Ku bar tsohuwa ta yi faɗanta, amma ku kawo wanda zai tura ɗanta gwaji a gabanta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.