Wasiƙa Zuwa ga Malaman Kimiyya Masu Fitar da Jan Ƙarfe



A kan fitar da jan ƙarfe daga gishirinsa na kuloraid nake so mu yi magana, don na lura da yawanmu muna tsayawa ne daidai inda aikin ya soma.

Farkonsa kowa ya sani. A narkar da gishirin nan mai shuɗi-shuɗi, a jefa takardar alminiyam, nan da nan kofi ya ɗau zafi, ruwa ya kama ɓararraka, jar laka ta fara zubowa ƙasa. Kuloraid ne ke cinye siririyar fatar da ke kare alminiyam, shi ya sa gishirin salfet ba ya wannan gaggawa. Ku riƙa sa takardar kaɗan-kaɗan, kuma kada a kunna wuta kusa, don iskar da ke fita haidirojin ce. In aji ya cika maƙil, gara a sa ƙusa maimakon takardar. Tana da nawa, amma ba ta fantsama.

To, wannan lakar ba ta zama jan ƙarfe tsantsa ba tukuna. Akwai ɓurɓushin alminiyam a ciki. A bari sai shuɗin ruwan ya gushe sarai, domin in aka bar lakar ta kwana cikin ruwa mai sauran launi, wani farin gari yakan fito ya gauraye da ita. Daga nan a tace, a ɗauraye da asid na haidirokulorik mai ruwa-ruwa, a bi da ruwa har sau uku. Shanya kuma sai a hankali. Don Allah kada ku ɗora ta a wuta mai ƙarfi, garin zai haɗu da iska ya koma baƙi.

Sannan a hau sikeli. Giram 10 na gishirin mai ruwa a jikinsa ba zai ba da fiye da kimanin giram 3.7 na jan ƙarfe ba. Yarinyar da ta samu 4.5, ku zauna da ita ku gano ko danshi ne ko datti. Ni a wurina nan darasin yake.

Masu son raba gishirin da lantarki da sandunan gawayi, ku tuna ɗaya sandar kilorin take fitarwa, guba ce. Tagogi a buɗe, gwaji gajere, a janye mai asma nesa.

Ragowar ruwa mai launi kuwa kada ya shiga kwata, yana kashe kifi. A zuba masa tsofaffin ƙusoshi a bokitin roba har shuɗin ya tafi.

Wassalam.